Kyamara mai auna nisa a kan kanta: za ta yi aiki a kantunanmu na Kano kuwa?

Mai Kanti a Zoo Road: Assalamu alaikum jama'a, da fatan mun wuni lafiya. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san harkar kwamfuta. Ina da kantin kayan masarufi mai kanta uku, kowace da sikana mai karanta bakod, wato zane-zanen lambar da ke jikin kaya. Abu biyu ke damuna. Na farko, da yawa daga kayan da suka fi tafiya ba su zo da bakod ba: dabino, ƙuli-ƙuli, yaji, garin kunu, kilishi, da tumatur da attaruhun da muke ɗaukowa daga Yankaba. Sai kashiya ta yi ta laluben suna a allo, layi yana ƙara tsawo. Na biyu, watan jiya muka gano an ɓamɓare takardar da muka liƙa a ƙaramar gorar zuma an mayar kan babba. Sikana ta yi ƙara yadda ta saba, aka biya kuɗin ƙarama aka fita da babba. Yanzu wani mai sayar da na'urori ya kawo min tallar sikana mai kyamara, ya ce tana gane nisan abu, tana share hannu da duk tarkacen da ke bayan kaya daga hoto, sannan ta faɗi ko mene ne kayan. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Gaskiya ne, ko daɗin bakin talla ne?

Baba na Kasuwar Singa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ni shawarata ka riƙe kuɗinka. Ka sayi ƙaramar na'urar buga takarda, ka ɗaure kayanka a leda, ka liƙa wa kowane lamba, ka sa yaro mai ido a bakin ƙofa. Mun shekara da shekaru muna fitar da kaya mota-mota ba kyamara ko ɗaya, littafi ne da biro da amana.

Injiniya Ɗan Gwale: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, amma ka lura takardar da ake liƙawar ita aka ci amanarsa da ita. Alhaji, abin da mutumin ya gaya maka akwai shi, sai dai bai ƙarasa maka zancen ba. Bari in ɗan tsawaita.

Sikana ba ta ganin kaya, zane-zanen nan kawai take karantawa. Tun ranar 26 ga Yuni 1974, da aka fara gwada bakod a kan fakitin cingam na Wrigley a wani kanti a garin Troy na jihar Ohayo a Amurka, aikin bai canza ba: ta karanta lamba, kwamfuta ta nemo farashi. Ko a jikin bulo ka liƙa lambar sukari, sukari za ta ce. Shi ya sa aka ƙara kyamara, don a kwatanta abin da lamba ta ce da abin da ido ya gani.

To amma hoton da kyamarar kanta ke ɗauka hoto ne mai datti. Akwai hannun kashiya, da hannun rigarta, da fitilar silin, da kayan mai biye da ke jira a gefe, wani lokacin har da fuskar mai saye. Manhajar da aka koya wa gane kaya tana ruɗewa da waɗannan. Kyamara ta yau da kullum launi kawai take ba kowane ɗigo na hoto. Mai auna nisa kuwa tana ƙara wa kowane ɗigo lamba ta biyu: santimita nawa ne tsakaninsa da kyamara. Da zarar ka sami wannan, share hoton ya zo da sauƙi. Ka ce wa manhaja duk abin da ya wuce, misali, santimita 30 daga gilashin sikana ba kaya ba ne, a goge shi. Silin ya tafi, rigar kashiya ta tafi, mai saye ya tafi. Abin da ya rage shi ake miƙa wa mai ganewa.

Mai Gyaran Waya a Farm Centre: Injiniya, wannan ba irin abin da ke cikin iPhone ba ne? Idan muka canza wasu kayan gaban waya ba a yi hankali ba, sai ta daina gane fuskar mai ita.

Injiniya Ɗan Gwale: Shi ne, ƙanena. iPhone X da ta fito a 2017 tana watsa ɗigogin haske fiye da 30,000 a fuska, hasken infared wanda ido ba ya gani, sai kyamara ta duba yadda ɗigogin suka karkace ta lissafo tudu da kwarin fuskar. Dabarar ta yi suna ne tun a Kinect, na'urar wasan bidiyo mai gane motsin jiki ta kamfanin Microsoft, a 2010, kuma kamfanin PrimeSense da ya yi mata fasahar, Apple ya saye shi a 2013.

Wannan hanya ɗaya kenan. Ta biyu ita ce kyamara biyu a jere kamar idanun mutum. Miƙa babban yatsanka, ka rufe idon dama sannan na hagu, za ka ga yatsan ya yi tsalle sosai, bangon da ke nesa kuwa da ƙyar ya motsa. Girman tsallen nan shi ake juyawa ya zama nisa. Ta uku ita ce a harba haske a auna jinkirin dawowarsa. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato kimanin santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Ka ga ke nan wanda zai bambance tsayin gwangwani da saman tebur ta wannan hanya, abu mai laushi ƙwarai yake aunawa, kuma ƙaramin cikas na iya ɓata masa lissafi. Alhaji, tambayar farko da za ka yi wa mai tallar ita ce wacce daga cikin ukun nan ke cikin na'urarsa.

Mai Kanti a Zoo Road: Madalla. To ai idan haka ne matsalar zumata ta ƙare ke nan, Injiniya?

Injiniya Ɗan Gwale: A nan ne nake so ka bi a sannu. Ta fuskar girma, eh, a nan na'urar ta fi ƙarfi. A hoto na yau da kullum, ƙaramin gwangwanin Milo da aka matso da shi kusa da kyamara da babban da aka riƙe nesa suna iya cika wuri ɗaya, ga launi ɗaya ga rubutu ɗaya. Idan an san nisa kuwa, an san ainihin tsawo da faɗi, ƙarami ba zai wuce a matsayin babba ba. Amma gorar zuma roba ce mai nuna ciki. Hasken yana ratsa ta, ya karye, wani ya dawo daga bayanta, wani ya ɓace. Sai ka ga taswirar nisan ta fito da ramuka, wato wuraren da ba a sami awo ba, a daidai inda gorar take. Manhaja kuma, tunda an ce mata ta goge duk abin da ba ya cikin iyaka, sai ta goge rabin kayan da kansa.

Ɗaliba 'Yar Tarauni: Assalamu alaikum. Yaya Injiniya, ka ba ni dama in sa baki, domin aikin kammala karatuna a jami'a a kan wannan na yi, da wata kyamara mai auna nisa, Intel RealSense D435, da muka aro. Abin da ka faɗa na gani da idona, har ma ya fi haka.

Kayan da suka ba ni wahala su ne daidai kayan da kowane kanti a Kano ya fi sayarwa. Ruwan leda da ruwan gora, ramuka. Man gyaɗa a jarka mai haske, ramuka. Ledar taliya da ta biskit mai ƙyalli, takan yi kamar madubi, ta wurgar da hasken gefe. Baƙar leda kuma tana shanye hasken, kaɗan ke dawowa. Sannan abubuwa marasa kauri, irin su ƙullin shayi ko madarar leda ta shan mutum ɗaya, idan aka kwantar da su a tebur kaurinsu bai fi kuskuren na'urar ba, sai ta ɗauke su a matsayin tebur. Waɗanda suka fito tas su ne kwali, sabulu, gwangwani mai takarda a jiki, doya, dankali, albasa, kankana.

Amma abin da ya sa har yanzu nake goyon bayan na'urar shi ne wani abu da ya faru da ni tun kafin in haɗa ta. Na ɗauki hotunan kaya da kyamarar waya na koya wa manhaja. Ƙawata ce ta riƙe min dabino duk ranar da na ɗauki hotunansa, tana sanye da shuɗin hijabi, da lalle a hannunta. Ƙanena kuma ya riƙe min ƙuli-ƙuli. A gwaji sakamako ya yi kyau har na yi murna. Ranar da ƙawar tawa ta ɗauki ƙuli-ƙuli da wannan hijabin, manhaja ta ce dabino ne. Ashe hijabi da lalle ta haddace, ba ta taɓa kallon dabinon ba. Da na sa na'urar auna nisa ta yanke duk abin da ke baya, aka sake koyarwa, wannan kuskuren ya ragu sosai. Ke nan amfanin share hoto ba don ya yi kyau a ido ba ne, don a hana manhaja koyon abin da ba shi aka aike ta ba.

Baba na Kasuwar Singa: 'Yata, Allah ya yi albarka, na ji bayaninki. Amma ki duba, kin lissafo ruwa, mai, taliya, biskit, baƙar leda. In aka cire waɗannan me ya rage a kanti? Wannan ai cinikin biri a sama ne.

Ɗaliba 'Yar Tarauni: Baba, amin, na gode. Ai yawancin waɗannan suna da bakod daga kamfani, an buga shi a jikin ledar, ba ya ɓamɓaruwa. Sikana ta ishe su. Inda ake buƙatar ido shi ne kayan gwari da kayan marmari da abin da kanti ya ɗaura da kansa, kuma da dama daga cikinsu na'urar tana ganinsu da kyau idan ba a ƙunshe su a leda ba.

Mai Gyaran Waya a Farm Centre: Tambaya ɗaya Malama. Kin ce an yanke abin da ke baya. To hannun fa? Hannun da ke riƙe da kaya ai nisansu ɗaya da kayan.

Injiniya Ɗan Gwale: Ka taɓo inda masu talla ba sa son a taɓa. Auna nisa shi kaɗai ba ya raba hannu da kaya idan hannun na riƙe da shi, domin yatsu da gwangwani suna wuri ɗaya. Dole a ƙara wani mataki. Wasu na bin launin fata, wanda ke da rauni ƙwarai: kwali ruwan ƙasa, burodi, kilishi, duk suna kusa da launin fatarmu, ga lalle ga zobe ga safar hannu. Wasu na koya wa manhaja siffar hannu, wannan ya fi, amma sai an tabbatar an koya mata da hannaye irin namu. Hanyar da na fi yarda da ita ba ta da wani ƙawa: a ɗora kyamara a sama tana kallon faranti ko sikeli, kashiya ta ajiye kaya ta janye hannu. Na'urar ta riga ta san nisan farantin, a ce santimita 60. Duk abin da ya taso sama da shi kaya ne. Duk abin da ya taso kuma ya haɗe da gefen hoto, hannu ne bai gama fita ba, a jira. Sannan ga nauyi daga sikeli a matsayin shaida ta biyu. Gorar zumar Alhaji ko hasken ya ratsa ta, nauyi zai tona asirin babba da ƙarama.

Kashiya a wani kanti, Hotoro: Sannunku iyaye da yayye. Ni ce ke tsaye a kanta daga safe zuwa dare, don haka ku bar ni in faɗi nawa. Injiniya, ajiye kaya a janye hannu a jira, wannan a kan kowane abu? Ka taɓa ganin layin jajiberin sallah, ko sati na farko na azumi bayan la'asar? Mutum ɗaya yana zuwa da kwando biyu. Idan kowane abu ya ƙara min ko da daƙiƙa biyu, ni za a yi wa tsawa, ba na'ura ba.

Sai dai akwai ɓangaren da nake so. A inda nake aiki, idan lissafi bai cika ba daga albashinmu ake cirewa, kuma ba mai tambayar yadda aka yi. An taɓa cire min kuɗi a kan kayan da na tabbata na wuce da su daidai, ba ni da abin da zan nuna. Da akwai hoton kowane abu a haɗe da rasit, da na kare kaina. Don haka ina so, amma a yi shi don gano gaskiya, kada ya zama wani sabon bulala a kanmu.

Mai Kanti a Zoo Road: Malama, maganarki ta shige ni, domin ni ma na taɓa zargin yarinyar da ba ta da laifi a kan zumar nan kafin mu ga takardar da aka canza. Na ba ta haƙuri, amma abin bai bar raina ba.

Injiniya Ɗan Gwale: Malama, gaskiyarki, kuma ban yi bayani da kyau ba. Ba kowane abu za a ɗora a faranti ba. Mai bakod na kamfani ya wuce yadda aka saba. Faranti na kayan awo ne, waɗanda dama sai kin ɗora su a sikeli. Bambancin shi ne maimakon ki bi dogon jeri kina neman attaruhu, allo zai fito miki da zaɓi biyu ko uku, attaruhu, tattasai, shambo, ki taɓa ɗaya. Ke ce mai yanke hukunci. Ko a ƙasashen da suke liƙa wa kayan marmari lamba, kamar 4011 da ake ba ayaba, matsalar laluben nan ce ta sa suke ta neman kyamara ta taimaka.

Hajiya Mai Turaren Wuta: Ni mai saye ce, kuma ina kai humra da turare wasu kantuna su sayar min. Ba na jin daɗin a ce akwai kyamara a daidai fuskata duk lokacin da na tsaya biyan kuɗi. Ina hotunan suke zuwa? Wa ke kallonsu? Matan aure da 'yan mata ne suka fi shiga kantunan nan.

Ɗaliba 'Yar Tarauni: Hajiya, damuwarki a kan hanya take, kuma a nan auna nisa yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Tunda fuskar mai saye tana wajen iyakar da aka gindaya, ana iya goge ta a cikin na'urar tun kafin a adana komai, abin da zai shiga ma'ajiya kayan ne kawai a kan farin fili. Amma ana iya yi daban ne da an yi. Wasu na'urorin suna ajiye asalin hoton su aika ta intanet. Alhaji ya tambaya a rubuce: asalin hoton ana ajiye shi? A ina? Kwana nawa? Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, kuma hoton fuska yana cikin bayanan mutum. Kyamarar da ke kallon ƙasa daga sama ta fi kwanciyar hankali ta wannan fuskar ma, faranti kawai take gani.

Mai Gyaran Waya a Farm Centre: Ku ƙara da ƙura. Da hunturu kullum sai mun goge kyamarorin wayoyin da ke cikin gilashi ma, balle wadda ke buɗe a kanti mai kallon titi. Ga zafin watan Afrilu, ga ɗauke wuta da kawowa da ƙarfi. In ta lalace wa zai gyara, kuma kayan gyaran daga ina?

Injiniya Ɗan Gwale: Duk gaskiya ne. Ƙura a kan tagar na'urar tana warwatsa hasken tun kafin ya fita, awon ya fara yawo. Rana ma abokiyar gaba ce, domin tana ɗauke da infared mai yawa da ke danne na na'urar, don haka kantar da hasken yamma ke faɗowa a kanta ba wurin kafa ta ba ne. Mai ido biyu kuma in ta ɗan bugu idanun suka goce, sai an sake daidaita ta, kuma kuskurenta yana ninkuwa huɗu duk lokacin da nisa ya ninka biyu, don haka kada a rataye ta can kusa da silin. Ko kamfanin Amazon, da ya buɗe kantin da ba kashiya a birnin Siyatil na Amurka a 2018, ya cire tsarin daga manyan kantunansa na Fresh a Amurka a 2024. Gane kaya da kyamara a cikin hayaniyar kanti ba ƙaramin aiki ba ne ko ga masu kuɗi.

Baba na Kasuwar Singa: To kun dawo kan maganata.

Injiniya Ɗan Gwale: Rabinta, Baba. Takardar da ka ce a liƙa tana nan daram, har ma an ware lambobin da suka fara da 20 zuwa 29 don kanti ya yi amfani da su a cikin gida, kamar yadda 615 ke nuna kamfanin da ya yi rajistar lambarsa a Najeriya. A kan zuma, takardar da ke yagewa idan aka ɓamɓare ta, tare da duba nauyi, za su yi maganin abin da kuɗi kaɗan. Inda na rabu da kai shi ne tumatur, albasa, dabino da lemon da ake ɗaukowa daga 'Yan Lemo, waɗanda ba za ka liƙa wa kowane ɗaya takarda ba. A nan na'urar za ta iya rage layi.

Mai Kanti a Zoo Road: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na yanke. Ba zan sayi uku ba. Zan ce wa mai tallar ya kawo ɗaya ya kafa a kantar kayan awo na sati biyu kafin in biya. Ba da kayan da ya zo da su za a gwada ba, da nawa: zuma babba da ƙarama, kilishi a takarda, attaruhu a farar leda da kuma a buɗe, dabino iri biyu, ruwan leda. Yaran kantina ne za su riƙa ɗorawa, da safe da kuma bayan la'asar lokacin da rana ke shigowa. Zan kuma nemi ya nuna min hoton bayan an share shi, in ga ko kayan ne aka bari ko an cinye rabinsa. Malama ɗaliba, in ba damuwa, ko za ki zo ke da wani daga gida ku duba mana ranar da za a kafa?

Ɗaliba 'Yar Tarauni: In sha Allah Alhaji, zan zo tare da yayana. A tanadi littafi a gefen kanta, duk lokacin da allo ya kawo zaɓin da ba daidai ba a rubuta sunan kayan da ƙarfe nawa ne. Kuma kada a goge tagar na'urar kwana uku na farko, mu ga yadda za ta yi da ƙurar Zoo Road.

Kashiya a wani kanti, Hotoro: Alhaji, don Allah a bar wadda ke kan kantar ita ta riƙa rubutawa da hannunta, kuma a gaya mata tun farko cewa na'urar ake gwadawa, ba ita ba.

Mai Kanti a Zoo Road: Na karɓa, Malama. Gobe da safe zan tara su in gaya musu da bakina kafin in kira mutumin.